Ruwan Shan Abin da Ke Cikin Keji

A cikin birnin Kano, da wuya mutum ya ratsa unguwa bai ga yaro mai ɗan kiwo ba. Wani tattabarai gare shi a kan soro, wani zomo a lungun gida, wani kuwa kanari a keji rataye a zaure. Kiwo abu ne mai kyau, gama yana koya wa yaro tausayi da tattali. Amma akwai abu guda da yara da yawa ke sakaci da shi, watau ruwan sha. Yaro yakan sayi gero da dusa, ya yi wa keji ado, sa'an nan ya tsinto tsohon gwangwani a juji ya zuba ruwa, ya manta da shi har kwana uku. Wannan kuwa babban kuskure ne.

Kurciyar daji in ta ji ƙishirwa sai ta tashi ta nemi ruwa, in wannan bai yi mata ba ta nemi wancan. Wanda ke cikin keji kuwa ba shi da rafi, ba shi da rijiya, sai abin da ubangidansa ya ba shi. Wanda ya rufe ƙofar keji shi ya tsare masa hanyar ruwa, saboda haka hakkin yana wuyansa. Malamai sun ruwaito hadisin wata mace da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ci ba sha, har ta mutu. Ga shi kuma da bazara, wajen watan Afrilu, zafin Kano yakan kai digiri 40. Ƙaramin tsuntsu kamar kanari, in ya rasa ruwa kwana ɗaya ko biyu, yana iya mutuwa. Waɗansu suna cewa wai zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi. Ba haka ba ne. Zomo yana sha ƙwarai, balle uwa mai shayarwa.

To, a wane irin abu ya kamata a zuba ruwan? Gwangwani bai dace ba, don yana tsatsa, bakinsa kuma da kaifi. Roba tana da araha, amma takan karce, dauɗa ta maƙale a cikin karcen, zomo kuma yakan gaigaye ta. Kaskon ƙasa yana sanyaya ruwa kamar randa, yana kuma da nauyi, zomo ba ya kifar da shi. Aibinsa ɗaya, jikinsa yana tsotse dauɗa, sai da yawan wanki. Abin da aka taɓa zuba wa kananzir, ko fetur, ko maganin ƙwari, wannan kam kada a ko kusance shi, kome wankin da aka yi masa. Wadda ta fi duka ita ce farar kwalba ta gilashi, domin ba ta tsatsa, ba ta riƙe wari, mai kiwo kuma yana ganin cikinta. In ruwa ya ragu ya gani, in ya gurɓace ya gani.

Ga wata dabara mai sauƙi. A cika kwalba da ruwa, a kife ta a cikin ɗan kasko, a ɗaure ta a jikin keji yadda bakinta zai yi kusa da gindin kaskon amma bai taɓa ba. Ruwa zai zubo har ya rufe bakin kwalbar, daga nan sai ya tsaya, don iska ta rasa hanyar shiga. In tsuntsu ya sha, ruwan kasko ya ragu, sai iska ta shiga, wani ruwan ya sauko. Akwai kuma kwalba ta sayarwa mai ɗan bututun ƙarfe da ƙwallo a baki, wadda zomo ke lasa ruwa ya ɗigo. Tana da kyau, amma ƙwallon yakan maƙale. Lalle ne kullum a taɓa shi da yatsa a ga ko ruwa na fitowa, kada dabba ta kwana da ƙishirwa alhali ga kwalba cike a gabanta.

Kowane tsuntsu da irin shansa. Kaza takan ɗebi ruwa ta ɗaga kai sama. Tattabara kuwa tsoma baki take yi ta zuƙa, saboda haka ruwanta yana bukatar zurfin da zai rufe bakinta, misalin gaɓar yatsa. A ajiye abin ruwan a inuwa, kada kuma ya zama ƙarƙashin sandar da tsuntsu ke tsayawa, don kada kashi ya faɗa ciki.

Don me za a yi ta wanke kwalbar da ba a zuba mata kome ba sai ruwa? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. A shekarar 1676 wani mutumin ƙasar Holan, mai suna Leeuwenhoek, ya ba da labarin waɗansu ƙananan halittu da ya gani da madubinsa suna yawo a cikin ɗigon ruwa, waɗanda ido ba ya iya gani. Daga baya masana suka gane cewa waɗansu irinsu su ke kawo cuta. Duk lokacin da tsuntsu ya sha, yakan bar yawu da ɓurɓushin abinci, ƙurar hunturu kuma ta ƙara nata. Ƙwayoyin cuta su sami abinci da ɗumi, su yi ta hayayyafa. Yauƙin nan da ake ji a jikin kasko gidansu ne. Akwai wata cuta ta tattabarai mai sa wani abu rawaya kamar cuku ya fito a maƙogwaro. Ta ruwan sha take bi daga wannan zuwa wancan, uwa kuma ta sa wa 'ya'yanta wajen ɗura. Har wa yau, ruwan da ya daɗe a buɗe sauro yakan yi ƙwai a ciki, cikin kamar mako guda ya zama sauro mai cizon mutanen gida.

Wankin ba shi da wuya. Kowace safiya a zubar da ruwan jiya, a ɗauraye, a zuba sabo; da bazara a sake da yamma. Bayan kwana biyu ko uku a yi babban wanki: a zuba 'yar tsakuwa da ruwan ɗumi da ɗan sabulu a kwalba, a toshe, a girgiza sosai, tsakuwar ta kankare gansakuka da yauƙi. Kasko kuwa a goge shi da soso. A ɗauraye har ƙanshin sabulu ya fita sarai, kana a shanya a rana. Mai hikima yakan tanadi kwalba biyu, ɗaya tana aiki, ɗaya tana shan rana. Sa'an nan soson keji dabam, na kwanukan gida dabam, yaro kuma ya wanke hannunsa da sabulu in ya gama. Murar tsuntsaye, irin wadda ta ɓulla a Kaduna da Kano a 2006, cutar tsuntsu ce da ke iya kama mutum.

Wani zai ce, “Ai ruwa saye ake yi wurin 'yan garuwa, ina dalilin ɓarna?” Gaskiya ne ruwa yana da tsada a birni. Amma abin da kanari ke sha a yini bai fi cokali ɗaya ko biyu ba, wanda aka zubar kuma ana iya ba shuka. Wanda ya iya sayen tsuntsu bai gaza moɗa guda ba.

Ga ma'auni mai sauƙi: yaro ya ɗaga kwalbar ya dube ta a haske. In ransa ya ƙi ruwan, to, kada ya ba abin da ya tsare. In kuwa ya ga ba zai iya wannan ɗawainiya kullum ba, gara ya ba wani wanda zai iya.

Tambayoyi

1. Don me hakkin ruwan tsuntsu ke wuyan mai keji?
2. Mene ne aibin gwangwani, mene ne na roba?
3. Me ke hana ruwan kifaffiyar kwalba zubewa duka?
4. Yaya ake wanke cikin kwalba?