INGILISHI TUN AJI ƊAYA: ME IYAYE KE NEMA?

Ƴan uwa, duk mai bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya ya ji labarin. A watan Nuwamba na 2025 ministan ilimin Nijeriya, Tunji Alausa, ya soke tsarin 2022 wanda ya ce a karantar da yaro da harshen gidansu shekara 6 na firamare. Ya ce tun daga aji ɗaya har jami'a sai Ingilishi. Cikin iyaye akwai waɗanda suka yi murna.

Kada mu yi gaggawar zaginsu. Uban da ya ga jarrabawa da Ingilishi, takardar neman aiki da Ingilishi, ɗan mai kuɗi kuma yana makarantar kuɗi yana zuba Ingilishi, me kuke so ya ce? Talaka bai ƙi harshensa ba. Tsoro yake ji kada a rufe wa ɗansa ƙofa da sunan kishin Hausa, manya kuwa su shige da nasu.

Amma mu da ke tsaye gaban allo mun san abin da uba ba ya gani daga zaure. Yaro ɗan shekara 6 da aka tare shi da harshen da bai taɓa ji ba, hadda yake yi kamar aku. A ce ya faɗi ma'ana, sai ya sunkuyar da kai. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun karantar da yara da Yarabanci shekara 6, Ingilishi yana darasi guda a hannun malamin da ya ƙware. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishin. Minista ya ce faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO ce hujjarsa. To yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022, yaushe ya zauna WAEC?

Mu ma abin ya shafe mu. Zamanin Nasara, yaron da ya yi Hausa a makaranta alamar kunya ake ɗora masa. A 1973 aka fara gwajin karantarwa da Hausa a Damagaram. A Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Gardamar da ake yi a Katsina tana tafe gidajenmu.

Saboda haka kowane reshe, ranar kasuwa, ya zauna da iyaye, har da mata, don su ke ganin littafin yaro da dare. Kada a yi musu wa'azi. A kira yaro ya karanta layi biyu, ya fassara wa ubansa. Sannan a rubuta buƙata biyu a kai wa shugaban makaranta: littattafan Hausa na lissafi da karatu a ƙananan azuzuwa, da malamin Ingilishi wanda shi kansa ya iya.