FILIN 'YAN UWANA MATA: Wai Ina Bo Ta Shige?

Masu aiko da wasiƙu ku yi mini afuwa, amsoshinku sai fitowa ta gaba, don yau na zo da wani labari da ya tsaya mini a rai, in ban amayar da shi ba ba zan samu sukuni ba.

Kwanakin baya biki ya kai ni Horo Birni, can wajen Bodinga da Shagari a Jihar Sakkwato, auren 'yar gwaggona. Kun san gidan biki a ƙauye, da an yi sallar isha'i manya su shige ɗaki lissafin gara, yara mata kuma su baje tabarma a tsakar gida. Ɗaya daga cikin ƙannena ta can tana da waya, mai turin finafinai ya cika mata ita da katun. Dare uku a jere suna kallon wani mai suna Toy Story, na ɗaya da na biyu da na uku, kawuna kusan goma a kan 'yar waya guda. Ni da nake musu dariya wai sun girma da kallon 'yan tsana, wallahi dare na biyu da ni aka ƙarasa.

Ga wadda ba ta san shi ba, kamfanin Pixar na Amurka ne ya yi shi. Na ɗaya ya fito a 1995, kuma shi ne dogon fim na farko da aka zana shi kaf da kwamfuta. Labarin kayan wasan wani yaro ne mai suna Andy, waɗanda da zarar mutane sun juya baya sai su tashi su yi magana, su yi faɗa, su yi soyayya kamar ni da ke. Shugabansu Woody ne, ɗan kaboyi, sai abokinsa Buzz ɗan sama jannati. Woody yana da masoyiya, Bo Peep, wata kyakkyawar makiyayiya mai sanda da tumaki uku. Ita ba ta roba ba ce, ta tangaran ce, ado ce a jikin fitilar gefen gadon Molly, ƙanwar Andy. Mai sanyin murya, mai hankali, duk lokacin da Woody ya rikice ita ke kwantar masa da rai. Tana na ɗaya, tana na biyu da ya fito a 1999.

To sai aka sa na uku, wanda ya fito a 2010. Andy ya girma zai tafi jami'a, kayan wasa sun taru ana shawara, amma babu Bo. Sau ɗaya tak aka ambaci sunanta, cikin jerin abokan da aka rasa a hanya, Woody ya ɗan sunkuyar da kai, shi ke nan aka wuce. Babu wanda ya ce ga inda ta tafi.

Ke dai bari! Ana gama fim ɗin tsakar gida ya kaure.

"Anti, ina Bo tat tahi?" in ji wata 'yar ƙarama.

"Hwashewa ta yi," in ji mai wayar. "Ba ku ga ta tangaran ta ba? Yarinyar nan Molly ta ture hitila, anka share ta anka zubar."

"Ƙarya kike! Aure anka yi mata, anka kai ta wani gida. Ba haka aka yi ba in ɗiya ta girma?"

Wata ta ce a'a, gwanjo aka kai ta, tunda a na biyu ma sun ga uwar Andy ta baje tsofaffin kaya a ƙofar gida tana sayarwa. Wata kuma ta rantse kishi ne, wai tun da Jessie 'yar kaboyi ta shigo gidan a na biyu Bo ta yi yaji. Aka ce mata haba, Jessie ai Buzz ne ke sonta. Ta ce ita dai ba ta yarda ba, namiji ba ɗan goyo ba ne. Sai babbarsu ta taɓe baki ta ce, "Ku yara na, ba ku san duniya ba. Mai irin wagga sanyin murya, wani ta gani ta bi."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma da na kwanta sai barci ya ƙi zuwa.

Kada ku zaci 'yan matan Horo Birni ne kaɗai suka yi wannan gardama. Shekara tara cur masu kallo a duniya suka yi suna irinta, daga 2010 har 2019. Haka ma suke yi a kan mahaifin Andy, wanda ba a taɓa nuna shi ba: wasu su ce mutuwa ya yi, wasu su ce saki ne. Mu ma nan gida mun san abin. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina, wane irin zance ne ba a yi ba a gidajen biki da wajen kitso? Ɗan Adam ba ya son gurbi a labari. In ya ga rami sai ya cike shi, in bai samu ƙasa ba ya cike da shara.

Ni kaina na taɓa jefa masu karatu cikin wannan hali. A wani littafina akwai ƙawar tauraruwa da ta cika littafi na ɗaya da surutu, a na biyu aka neme ta aka rasa. Saƙonni suka yi ta zuwa, wata ta ce na kashe ta a ɓoye, wata ta ce ai daman ta lura munafuka ce. Gaskiyar magana kuwa, kuɗin takarda ne ya tashi, mai ɗab'i ya ce sai na rage shafuka, na cire babi biyu, baiwar Allah ta tafi a ciki. Ba ta yi laifin komai ba, amma ga shi har an yanke mata hukunci.

A kan 'yar tsana da 'yar littafi wannan duk nishaɗi ne, ba wanda zai yi ciwon kai. Abin da ya hana ni barci shi ne na tuna ranar da muka yi wa mutum mai rai.

Muna aji huɗu a makarantar kwana, akwai wata yarinya da gadonta ke kusa da nawa. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi garinsu ba. Shiru-shiru ce, gwanar lissafi, ita ke koya mini in jarrabawa ta matso. Aka yi hutun ƙarshen zango, aka dawo, babu ita. Sati ɗaya, sati biyu, aka ba wata gadonta. A aji in an zo sunanta a rajista sai a tsallake. Daga nan "an ce" ta fara aiki. An ce aure aka yi mata. An ce aikatau aka kai ta birni. Sai wata rana a wajen ɗibar ruwa wata ta rage murya ta ce ai ita ta ji ciki ne, shi ya sa aka ɓoye ta. Kafin la'asar duk ɗakunan kwana sun ɗauka. Ni ban ƙirƙira ba, amma da aka faɗa mini ban ce ƙarya ne ba. Na riƙe baki na ce "Tabɗi!" kuma da dare na gaya wa wata. Allah Ya yafe mini.

Shekara shida bayan haka na shiga babbar kasuwar Sakkwato sayen atamfa, na ji an kira sunana. Ita ce. Muka rungume juna, muka samu gefe muka zauna. Ashe a wancan hutun mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta kuma ta kwanta ciwon da ya shanye mata ɓarin jiki. Ita ce babba, ƙanne huɗu a bayanta. Wa zai yi daka, wa zai ɗebo ruwa, wa zai juya mara lafiya? Ta ajiye littafi ta ɗauki taɓarya. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari.

Sai ta dube ni ta ce, "Na yi ta sauraron ko ɗayanku za ta leƙo, ko da 'yar takarda ce. Maimakon haka sai zancen da kuka yi ne ya iso garinmu."

Ya isa kuwa. Wata 'yar makarantarmu ta kai shi gida da hutu, ya bi bakin mata har ya shiga kunnen dangin wani da ya fito neman aurenta, suka janye ba tare da sun tambayi kowa ba. 'Yan uwa, ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, ranar na san ma'anarta. Ta yafe mini, don ita mai kyan zuciya ce. Ta koyi ɗinki, da shi ta riƙe gidansu, ta zana jarrabawar NECO ta 'yan waje ta ci, ta yi aure da wanda ya san darajarta. Sai dai ba da taimakon ko ɗayanmu ba.

Mu koma kan Bo. Washegari na ba ƙanwata kuɗi na ce a turo mana na huɗu, wanda ya fito a 2019. Tun a farkonsa aka warware gardamar. An koma baya shekara tara, wani dare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Molly ta girma ta daina tsoron duhu, ba ta bukatar fitilar, sai aka bayar da ita ga wani mutum, da Bo da tumakinta, aka sa su a kwali. Woody ya bi ta har ƙarƙashin mota, saura kaɗan ya shiga kwalin su tafi tare, sai ya ji Andy ya fito yana nemansa, ya fasa. Ba ta fashe ba, ba ta yi yaji ba, ba ta bi kowa ba. Ba a ma tambayi ra'ayinta ba.

Bayan nan ta daɗe a kan kanta a wani kantin tsofaffin kaya, ƙura na hawa kanta, ba mai saye. Da ta gaji da jira ta fita ta nemi hanyar rayuwa. Hannunta ya karye, ta ɗaure abinta da salatif ta ci gaba, har ta zama mai taimakon sauran kayan wasan da suka ɓata. Da Woody ya sake ganinta ya tarar da wata Bo daban, mai ƙarfin zuciya, kuma a ƙarshe shi ne ya bar sauran ya zauna tare da ita. Da aka gama na dubi babbar nan na ce, "To ƙanwata, wa ta bi?" Ta rufe fuska da mayafi tana dariya ta ce, "Anti ki bar ni, na tuba."

Kada wata ta ce Anti ta ce a bar gida a shiga duniya, a'a, wannan fim ne na Turawa kuma na 'yan tsana. Abin da nake so ku riƙe daban ne. Duk yarinyar da ta ɓace daga aji ko daga islamiyya ko daga layinku, labarinta bai ƙare ba, idonku ne kawai ya daina ganinsa. Tana can tana fama da wani abu, kuma sau da yawa ba ita ta zaɓa ba. Kun lura cikin duk hasashen da aka yi a tabarmar nan, wanda ya fi muni shi ya fi ba mu dariya? Haka yake a makaranta, ƙaryar da ta fi zafi ita ta fi gudu, kuma kullum a kan mutuncin 'ya mace take sauka. Addininmu bai bar mu a duhu ba. Ku buɗe Suratul Hujurati, aya ta 6 ta umarce mu da bin diddigin labari, aya ta 12 ta hana mu yawan zato da cin naman juna. Malamanku na islamiyya za su ƙara muku bayani a kan girman zunubin yi wa mace ƙazafi.

Kuma mu 'yan ƙasar Shehu muna da abin koyi a gida. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ba ta tsaya tambayar me ya hana matan ƙauye zuwa karatu ba. Jajjai ta naɗa, ta ɗora musu malfa, suka riƙa zirga-zirga tsakaninta da ƙauyuka suna kai ilimi har tsakar gida, su ne ake kira 'Yan Taru. Wadda ba ta iya zuwa, sai a je mata.

Saboda haka ga aikin da na ba ku kafin fitowa ta gaba. Kowacce ta tuna wata da aka daina gani. In gidansu kusa ne, ki nemi izinin Inna ki je ki gaishe ta, ki tafi mata da littafin darasin da ya wuce ta. In nesa ne, ki aika saƙo ta hannun wanda kika amince da shi. In kuɗin makaranta ne ko rashin lafiya, ki gaya wa malamar ajinku ko shugabar makaranta, wataƙila akwai abin da manya za su iya yi tun kafin lokaci ya ƙure. In kuwa wata ta matso kusa da ke ta rage murya ta ce "Kin ji abin da aka ce?" ki tambaye ta, "Ke kin gani?" In ta ce a'a, ki ce to mu bar shi nan.

Gaisuwa ta musamman ga ƙannena na Horo Birni da suka cika ni da fura da nono, Allah Ya bar zumunci, amarya kuma Allah Ya ba da zaman lafiya. Wadda ta je ta gano wata ƙawarta, ta rubuto mini yadda suka yi, ba sai ta sa suna ba.

Sai mun sake saduwa in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku.