In Kunne Ya Ji Jiki Ya Tsira, To Shi Kunnen Wa Zai Tsirar Da Shi?

Ni mutum ne mai son kiɗa, kuma ba na ɓoye wannan. Na tashi a gidan da mahaifina yake da wata rediyo mai cin kaset, wadda ake lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, ba a buɗe ta sai bayan sallar isha'i. A jikinta na fara jin muryar Alhaji Mamman Shata da amon kalangunsa, da Musa Ɗanƙwairo, da Ɗanmaraya Jos. Idan zaren kaset ya sarƙe, mu yara ake ba biro mu naɗe shi a hankali. Da na shiga jami'a sai na tara kuɗi na sayi ƙaramar rikoda ta aljihu mai abin sawa a kunne, irin wadda kamfanin Sony ya fara fitarwa a 1979 da sunan Walkman. Yau kuwa duk waƙoƙin nan suna cikin wayata, ina jin su da iyafis idan ina duba takardun jarrabawa. Saboda haka abin da zan faɗa ba maganar maƙiyin kiɗa ba ce. Ra'ayina shi ne, yadda muke sauraren kiɗa a zamanin nan yana cin kunnuwan 'ya'yanmu a ɓoye, kuma makaranta ce ya kamata ta fara tsawatarwa.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne a wata liyafar biki da na halarta. An kawo mawaƙin zamani, an jera manyan lasifikoki a kusurwoyin zaure, aka zaunar da ni kusa da ɗaya daga cikinsu don girmamawa. Na ji daɗin wasan ƙwarai, har ina jin bugun kiɗan a ƙirjina. Amma da na koma gida sai na ji wani siririn kuka a kunnena na hagu, kamar na sauro, ga maganar iyalina tana zuwa mini kamar daga cikin rijiya. Sai da aka kwana biyu kafin abin ya lafa. A matsayina na malamin ilimin halittu na san abin da ya auku, kuma na ji kunya, domin abu ne da nake koyarwa a aji.

Bari mu duba yadda kunne yake aiki. Sauti ba kome ba ne illa girgizar iska. Idan ta shiga ramin kunne sai ta bugi wani siririn tantani da muke kira dodon kunne. A bayansa akwai ƙananan ƙasusuwa guda 3, na ƙarshensu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Su ne suke miƙa girgizar zuwa wata gaɓa mai kama da katantanwa, cike da ruwa, wadda girmanta bai wuce na ƙwayar wake ba. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu 'yan gashi-gashi a kansu, kimanin 15,000 a kowane kunne. Idan ruwan ya motsa sai gashin ya lanƙwasa, ƙwayar ta aika saƙo ta jijiyar ji zuwa ƙwaƙwalwa. Wani masani ɗan asalin ƙasar Hungary, Georg von Békésy, shi ya nuna cewa kowane sashe na katantanwar yana da irin sautin da yake amsawa: bakinta na siririn sauti ne, can cikinta kuma na kakkauran sauti. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1961.

To ga inda gizo yake saƙar. Ƙara mai tsanani tana wahalar da waɗannan ƙwayoyi har su mutu, kuma idan sun mutu ba sa sake fitowa a jikin mutum. A ƙarshen shekarun 1980 masana suka gano cewa tsuntsaye suna iya mayar da nasu, wato ɗan tsako da ƙara ta lalata wa kunne yana iya warkewa. Mu ba a ba mu wannan baiwa ba. Adadin da aka haife ka da shi, da shi za ka yi ta lallaɓawa har tsufa. Hasali ma, a 2009 wasu masana biyu a Amurka, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun saka ɓeraye cikin ƙara mai ƙarfi na awa 2. Bayan ɗan lokaci jin ɓerayen ya dawo kamar ba abin da ya faru, amma da aka duba cikin kunnensu sai aka tarar mahaɗai masu yawa tsakanin ƙwayoyin da jijiyar ji sun lalace. Wannan ya nuna mana cewa lafawar kukan kunne bayan biki ba hujja ba ce ta cewa an tsira lafiya lau.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel, kuma lissafinsa ba irin na mudu ba ne. Duk ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau biyu. Hira ta yau da kullum tana kai kimanin desibel 60. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suke bi ita ce, a desibel 85 kada mutum ya wuce awa 8 a rana. A 88 lokacin ya koma awa 4, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 100 kuwa minti 15 kacal. Ɗalibi mai son lissafi ya ɗauki biro ya ci gaba da rabawa, zai ga yadda lokacin yake narkewa. Manyan lasifikokin zauren wasa suna iya kai desibel 100 ko su zarce, haka ma wayoyi da yawa idan an ƙure musu murya. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa biliyan 1.1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda irin wannan saurare. A 2022 kuma ta fitar da ƙa'ida ga wuraren wasanni, cewa matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100.

Na san wani zai ce, ai malam, kiɗanmu na gargajiya ma ba shiru yake yi ba. Gaskiya ne. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kakaki da algaita a ƙofar fada ranar hawan salla ya san suna da ƙarfi, kuma ba na shakkar cewa tsofaffin makaɗa da yawa sun biya farashi da kunnuwansu. Amma akwai bambanci. Kiɗan dandali a sarari ake yin sa, inda sauti yake bajewa, kuma duk sanda ka ninka tazararka da mai kiɗa ƙarar tana raguwa da kimanin desibel 6. Makaɗi mutum ne, hannunsa yana gajiya, mabushi yana tsayawa ya ja numfashi, sannan salla sau biyu ake yi a shekara. Lasifika kuwa ba ta gajiya, ga ta a cikin zaure mai bango huɗu da yake mayar da sauti. Iyafis ya fi ta ma naci, domin yana cikin ramin kunne tun daga hanyar makaranta har kan shimfiɗa. Mafi muni shi ne, yaro yakan ƙara murya ne don ya danne ƙarar janareta ko ta mota, sai ya tara wa kunnensa kaya biyu.

Wani kuma zai ce biki ba ƙara ai zaman makoki ne. A nan nake tuna Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa ɗan ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya, amma ya riƙe hankalin jama'a shekaru da dama, saboda mutane suna yin shiru ne don su ji abin da yake faɗa. Daɗin waƙar Hausa yana cikin kalma da karin murya da habaici, kuma waɗannan su ne farkon abin da ƙara mai yawa take binnewa. A liyafar da na ambata, ban iya tsintar baiti ɗaya cikakke daga bakin mawaƙin ba.

Malamai su lura da wani abu. Raunin da ƙara take jawowa yakan fara ne da siraran sautuka, a wajajen girgiza 4,000 cikin daƙiƙa ɗaya. Can kusa ne baƙaƙe irin su s da sh da f da ts suke. Saboda haka yaron ba zai ce ya kurumce ba. Yana jin muryar malami, amma kalmomin suna cakuɗe masa, musamman a aji mai hayaniya. Sai a ce ba ya mai da hankali, ko a kira shi daƙiƙi, alhali kunne ne yake neman taimako. Yaron da yake yawan cewa a maimaita masa magana, ko yake ƙorafin kuka a kunne, a shawarci iyayensa su kai shi asibiti a auna jinsa.

Abin da nake kira a yi ba mai tsada ba ne. Ɗalibi ya riƙe muryar wayarsa ƙasa da kashi 60 cikin 100, ya riƙa cire iyafis yana hutar da kunne. Idan na kusa da kai yana jin waƙar da take cikin kunnenka, ka wuce gona da iri. A wurin biki, idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tazarar hannu ɗaya da kai ya ji ka, to wurin ya kai matakin haɗari: ka nisanci lasifika, ka riƙa fita waje lokaci-lokaci, kuma kada a kai jarirai gabanta. Ana sayar da 'yan toshe-kunne na soso masu araha, ni kaina yanzu ba na zuwa wasa sai da su a aljihu. Malamin kimiyya kuma zai iya saka manhajar auna sauti a wayarsa, ya zagaya da ɗalibai su auna aji da injin niƙa da janareta, su zana jadawali. Ko da awon bai kai na dakin bincike daidaito ba, darasin zai zauna. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya, ga dama ga ƙungiyoyin kimiyya na makarantu.

Har yanzu ina sauraren Shata da daddare kamar yadda mahaifina yake yi, sai dai na rage murya, kuma na tarar ina jin amshin 'yan amshi da sauyin kalangu fiye da dā. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Fatana shi ne ɗaliban da suke karanta wannan shafi su kai shekarun kakanni da kunnuwan da za su ji muryar jikokinsu.