Jirgin sama ba ya tashi da mutum ɗaya



Duk wanda ke Damagaram ranar 18 ga Disamba 2018, lokacin bikin Zinder Sabuwa, bai manta da faretin sojoji ba. An rufe shaguna, mata sun bar tire da kwanon awo, kowa ya tafi kallon samari da ƴan mata suna taku ɗaya kamar mutum guda. A ranar iyaye da dama sun yi fatan ganin nasu ɗan cikin wannan kaki. Fatan alheri ne. Amma kafin uwa ta sayar da akuyarta ko ta kwashi adashinta don wannan buri, ya kamata mu san abin da ake koya wa yaran nan, da kuma hanyar da ake bi a shiga.

Ƙasarmu tana da makarantun wannan aiki. Akwai Prytanée ta Yamai, wadda aka buɗe a 1996, inda yaro ke karatun boko da horon soja tare har ya kai ga BAC. Akwai makarantar Tondibiya mai horar da hafsoshi, akwai kuma ENSOA a Agadas ta ƙananan hafsoshi. Masu son tuƙin jirgi kuwa, da yawansu a ƙasashen waje suka ƙaro ilimi. A duk waɗannan wurare darasin farko iri ɗaya ne: tashin asuba, gyaran gado, tsayuwa a layi, da taku bisa umarni.

Wani ɗan kasuwa zai ce, to mene ne haɗin buga ƙafa a ƙasa da tuƙa jirgin sama? Haɗin yana nan. A cikin layi, idan mutum ɗaya ya ɓata taku, duka rukunin ne ke sake farawa. Da haka ɗan attajiri da ɗan mai tallar ƙosai ke gane cewa kuskuren ɗaya na kowa ne, kuma gara ka gyara wa na kusa da kai da ka yi masa dariya. Bayan haka akan ba ɗalibi jagorancin ƴan uwansa na ɗan lokaci, ya ba da umarni, ya ƙirga mutanensa, ya amsa tambaya idan wani abu ya ɓace, sa'an nan ya koma cikin layi wani ya karɓa. Wanda bai iya bi ba, ba a ba shi gaba.

A aikin sama abin ya fi tsanani. Jirgin ɗaukar kaya samfurin C-130H, irin wanda Amurka ta miƙa wa Nijar a watan Janairu 2021, mutum biyar ne a al'ada ke aiki cikinsa: matuƙa biyu, mai lura da inji, mai duba hanya, da mai kula da lodi. A ƙasa kuma ga makanikai, ga masu zuba mai, ga masu ba da izinin tashi. Kafin jirgi ya motsa sai an karanta jerin abubuwan dubawa ɗaya bayan ɗaya, wannan na faɗa, wancan na amsawa. A sansanonin sojan sama akan jera ma'aikata su bi filin jirgi a ƙafa suna tsintar tsakuwa da ƙusa, domin ƙaramin ƙarfe guda na iya lalata inji. Duk mai motar lodi a tasharmu ya san abin da kaya marasa daidaito ke yi wa mota a kan hanyar Tanut, balle jirgin da ke sama.

Sai dai biyayya kaɗai ba ta isa ba. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sipaniya, manyan jirage biyu na fasinja sun yi karo a kan titin tashi, mutum 583 suka mutu. Bincike ya nuna cewa mai lura da inji a ɗaya jirgin ya yi tambaya ko titin ya zama fili, amma babban matuƙin ya ci gaba. Tun bayan irin wannan hatsari aka shigo da horo na musamman ga ma'aikatan jirgi: ƙarami ya buɗe baki idan ya ga kuskure, babba kuma ya saurara. Shugaban da na ƙasa da shi ke tsoron gaya masa gaskiya, shi da su duka suna cikin hatsari.

Mu a Damagaram ba sai mun je nesa neman misali ba. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara ƴan bindiga, har igwa aka ƙera a garin nan. Duk da haka, a ƙarshen watan Yuli 1899 a Tirmini, dakarun Sarki Amadu Kuran Daga sun gamu da rundunar Faransa wadda ta fi su makaman zamani, aka kuma horar da ita ta tsaya a layi ta yi harbi lokaci ɗaya bisa umarni. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci a wajen kakanninmu ba, amma garin ya faɗi. To amma wannan runduna ita ce dai wadda Voulet da Chanoine suka jagoranta, wadda ta ƙone garuruwa ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. A wannan wata na Yuli, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka juya suka kashe su su biyun a yankin Maijirgi. Horo a hannun shugaba marar tsoron Allah bala'i ne ga talaka, daga baya ya ci mai shi.

Shi ya sa maganar ta shafe mu kai tsaye. Hafsan da ake horarwa yau, gobe shi zai jagoranci ƴaƴan talakawa a fagen daga. Ba mu manta da sojoji 71 da suka kwanta dama a Inates a Disamba 2019 ba, ko 89 na Shinagodar a Janairu 2020. Shi ne kuma zai tsaya a kan hanyar da kayanmu ke bi zuwa Difa da Agadas. Idan ya taso da sanin cewa shugaba ba ya cin abinci sai mutanensa sun ci, kuma kaki amana ce, ɗan kasuwa zai yi tafiya hankali kwance.

Saboda haka muna da kira guda uku.

Na farko ga iyaye. Shiga waɗannan makarantu da jarrabawa ake yi, da gwajin lafiya da na motsa jiki. Duk wanda ya zo rumfarki, Hajiya, ya ce yana da hanya, a ba shi jika kaza ya samo wa yaro gurbi, ki riƙe kuɗinki. Ko da maganarsa ta tabbata, yaron da ya shiga da cin hanci darasin farko da ya koya shi ne komai na sayarwa ne. Kuɗin nan gara a kashe su wajen littattafai da malamin lissafi da kimiyya, domin babu matuƙin jirgi sai da su.

Na biyu game da ƴaƴa mata. A watan Oktoba 2015 Laftana Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgi a rundunar sojan ƙasarmu, a 2020 kuma ta kammala horon tuƙa C-130 a Amurka. Yarinyar da aka cire daga aji don talla ko gaggawar aure, an rufe mata wannan ƙofa tun kafin ta san da ita.

Na uku ga hukumomi. A riƙa sanar da ranakun jarrabawa da sharuɗɗanta da Hausa da Barbarci da sauran harsunanmu a gidajen rediyo, tun da wuri, tare da faɗin ainihin kuɗin takardu, domin rashin sani ne ke ciyar da ƴan damfara. Kuma tun da gurabe kaɗan ne, masu nema da yawa, a ƙarfafa ƙungiyoyin sikawut da wasannin motsa jiki a makarantu da unguwanni. Matasanmu na fada da fale sun riga sun san shugaba, sun san biyayya, sun san tsaya wa juna. Abin da ya rage shi ne a samu mai juya wannan ƙarfi zuwa ga aikin gari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ma a kasuwa mu duba kanmu. Ranar da gobara ta tashi, wa ke kiran ƴan kwana-kwana, wa ke buɗe hanya, wa ke kashe lantarki? Idan ba mu raba wannan aiki tun yau ba, ranar kowa kansa zai sani. Shugabannin layuka su zauna da sarkin kasuwa su tsara shi kafin sanyi ya shigo.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare sojojinmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.