Raddi Ga Masu Auna Wa'azi Da Yawan Mabiya

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa bisa ni'imar harshe da alƙalami, muna salati ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai, ku sani samarin ƙungiyarmu sun kawo shawara su buɗe mata shafi a Facebook da TikTok da YouTube, su kafa zauruka a WhatsApp, domin kiran tsararrakinsu zuwa ga karatu da gyaran hali. Niyya ce kyakkyawa, Allah ya ba su ladarta. Amma cikin tsarin da suka zayyana akwai magana guda wadda in an ƙyale ta za ta rushe saura, ita ce cewarsu alamar cin nasara yawan mabiya, kuma lalle a saki wani abu kowace rana, ko da babu abin faɗi, don kada shafi ya yi sanyi. Wannan magana ɓatacciya ce, ga kuwa raddinta.

Waɗansu dattawa sun ce a bar abin ɗungum, wai kayan Nasara ne. Wannan ba hujja ba ce, domin takardar da malaman jihadi suka rubuta littattafansu a kanta, mafi yawanta fatake suka kawo ta daga ƙasar Italiya ta Tarabulus da Masar. 'Ya'yanku suna can cikin wayoyin nan dare da rana, makiyayi kuwa inda dabbobinsa su ke can ya ke zuwa. Shiga za mu shiga. Gardamarmu da samari a kan yadda za a shiga ne.

Ku sani waɗannan shafuna kasuwa ce, masu ita kuwa da kuɗin talla su ke ci. Hajarsu idon mai kallo, shi su ke sayar wa masu talla. Saboda haka suka ɗora na'ura mai lissafi tana duba abin da ya fi tsai da mutane, sai ta ɗaga shi sama, abin da aka wuce da sauri ta binne shi. To, me ya fi tsai da ɗan Adam? Zagi, da tonon asiri, da faɗan malamai, da labarin firgita. Bayanin farillan alwala ba ya tara taro irin wanda kafirta wani malami ke tarawa. Wanda ya sa yawan mabiya shi ne ma'auninsa, haƙiƙa ya miƙa linzamin wa'azinsa ga wannan na'ura: yau ta ja shi zuwa ga ba'a, gobe zuwa ga giba, yana zaton jihadi ya ke yi. Sunan wannan ciwo a wurin malamai riya da sum'a, tsoho ne, riga kawai ya sake.

Sa'an nan wanda ya ɗora wa kansa magana kullum, ranar da ba shi da ilmi sai ya cika gurbi da ji-ta-ji-ta. Ku tuna watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya bi wayoyi cikin dare cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Gari bai waye ba sai da ya game ƙasa, aka kwantar da mutane asibiti, waɗansu suka mutu. Ku tuna rikicin jihar Filato cikin watan Yuni na 2018, da aka yaɗa hotunan gawawwaki a Facebook, daga cikinsu har da wanda aka ɗauka a ƙasar Kwango shekaru kafin nan, 'yan sanda suka ce hotunan sun ƙara wa wutar itace. Har masu WhatsApp da kansu, a 2019, suka taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda. In mai kasuwa ya ji tsoron hajarsa, ina ga mai wa'azi? Allah ya umurce mu cikin Suratul Hujurati da bincika labari kafin aiki da shi, ya kuma zargi waɗanda suka yi ta karɓar ƙazafi baki da baki cikin Suratun Nuri. Da can ana cewa gani ya kori ji. Yau na'ura tana ƙera muryar mutum da fuskarsa ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba, gani ma ya zama mai bukatar shaida.

Muna da abin koyi a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta isar da karatu ga matan ƙauyuka ta hannun 'Yan Taru. Ba kowace mace ke ɗaukar saƙo ba sai jaji, wadda Nana ta karantar da ita, ta naɗa mata malfa da jan rawani alamar izini. Mai saurare ta san wa ya aiko, ta san wa za a tambaya in an yi kuskure. Wannan shi ne isnadi, shi ne kuma abin da tsarin samarinmu ya rasa.

Don haka ga sharuɗɗan da mu ke kira a ɗora aikin a kansu.

Na fari, shafi mumbari ne. Kada a saki hukunci ko fatawa sai wani malami sananne ya duba, a sa sunansa da sunan littafin da aka ciro mas'alar.

Na biyu, labarin da ba a san tushensa ba ya kwana, komai zafinsa. In an saki kuskure a gyara shi a fili, a wurin da aka sake shi, domin magana zarar bunu ce.

Na uku, shafi dukiyar ƙungiya ne kamar waƙafi. A buɗe shi da lambar wayar ƙungiya, kalmar sirrinsa ta zauna a hannun amintattu 3, kada yaro guda ya yi fushi ya tafi da shi.

Na huɗu, ku san filin nan na aro ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Gwamnatin Nijeriya ta rufe Twitter, wanda a yanzu a ke kira X, daga Yunin 2021 har Janairun 2022, kuma a Satumban 2021 an yanke layukan waya a Zamfara. A riƙe sunayen 'yan ƙungiya cikin littafi, a ajiye kowane karatu a gida.

Na biyar, a yi magana da Hausa, a ɗauki muryar malami saboda wanda ba ya karatu, a rubuta darasi da ajami a ɗauki hotonsa saboda 'yan tsangaya.

Na shida, kada a sa hoton yaro sai da yardar mahaifansa, kada a nuna fuskar mabukaci yana karɓar sadaka.

In an ce: wannan hanya tana da nawa, waɗansu za su wuce mu da dubbai. Sai mu ce: su wuce. Ku zo ƙarshen shekara mu yi ƙidaya ta gaskiya: mutum nawa shafin ya kawo zauren karatu, nawa suka sauke Ahalari suka shiga Ishmawi, nawa suka bar shaye-shaye, gaba nawa aka sulhunta. Mabiyi dubu 100 da ba a ga ɗayansu a sahun Asuba ba, taron tsintsiya ne ba shara.

Ya ku samari, ƙarfin da sanin na'urar naku ne, ba mai ƙwace muku. Ku kawo tsarin a zauna da malamai a gyara shi kafin a buɗe komai, domin kowane harafi da yatsa ya tura rubutacce ne a kan mai shi, za a kuma tambaye shi. Allah ya tsare harsunanmu da yatsunmu, ya sa aikinmu don shi kaɗai. Wassalamu.