Ƙarancin Likitocin Mata a Ƙananan Garuruwa: Ina Aikin Ikkilisiya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa cikin kowaɗanne mata huɗu da ke mutuwa a duniya saboda ciki ko haihuwa, aƙalla ɗaya 'yar Nijeriya ce, kuma abin ya fi tsanani a Arewa. Ƙwararrun likitocin mata sun taru a manyan birane kamar Jos, Zariya da Kano, waɗansu kuma sun tafi ƙasashen waje. A ƙaramin gari, sau da yawa ungozoma ko ma'aikacin lafiya kaɗai za a samu.

A watan Nuwamba 2024, ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Mataki ne mai kyau, amma sai matar ta isa asibitin da rai. Jinkiri uku ne ke kashe mata: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa a asibiti. Biyun farko suna hannunmu.

Ba a neman likita ranar naƙuda. Tun wajen awo, miji da mata su tambayi ungozoma wane asibiti mafi kusa ne ke yin tiyata da ƙarin jini ko da dare. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska, jijjiga, ko jariri ya daina motsi, duk ba sa jiran wayewar gari. Doguwar naƙuda kuwa ita ke kawo yoyon fitsari, ciwon da asibitin Jankwano a Jos ya daɗe yana gyarawa.

Waɗansu suna ganin tiyata rashin bangaskiya ce. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Rahila, matar Yakubu, ta mutu wajen haihuwa a kan hanya (Farawa 35:16-19). Allah ya sa wa ungozomomi Shifra da Fu'a albarka don sun ceci rai (Fitowa 1:15-21). Mu yi addu'a muna tafiya asibiti.

Dattawa su ware asusun gaggawa, su san motar da za a kira da dare. Zumuntar Mata ta san masu ciki, matasa su san rukunin jininsu. Miji kuma ya ba da izini tun da wuri, kada a jira shi ya dawo daga gona.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya sauki matanmu lafiya. Amin.