Sisin Talaka da Amanar Mai Ajiya

A shekarar 1810, a ƙauyen Ruthwell da ke ƙasar Sukotlan, wani limamin coci mai suna Henry Duncan, da ya ga bankunan zamaninsa ba sa buɗe wa mutum littafin ajiya sai ya zo da fam goma, kuɗin da ɗan ƙwadagon gona zai shafe watanni bai riƙe ba, sai ya kafa wa jama'arsa asusun da ke karɓar ko da sisi ne, sisin nan da mu muke ambata idan babu ta kai mutum maƙura. Masu tarihi sukan yaba masa da koya wa talaka tattali, alhali kuwa a ganina talaka bai taɓa jahiltar tattali ba, tun da matan da ke zubin adashi ba su yi karatun hisabi a gaban kowa ba. Abin da ya rasa shi ne amintaccen hannu da zai damƙa wa guminsa ya yi barci.

Hujjata kuwa ita ce abin da ya auku a garin Rochdale na Ingila a 1849, inda aka gano bayan rasuwar ma'ajin bankin garin cewa ya shekara da shekaru yana ha'intar masaƙa da 'yan ƙwadago. Irin wannan cin amana na daga cikin dalilan da suka sa ministan kuɗi Gladstone ya buɗe ajiya a gidajen waya na Ingila a 1861, ana karɓar sule guda, hukuma kuma ta lamunce wa kowa kuɗinsa, ko da yake ba don Allah kaɗai ta yi ba, domin ita ma ta sami rance mai sauƙi daga aljihun talakawanta. 'Yantattun bayin Amurka ba su sami wannan lamuni ba, bankinsu ya durƙushe a 1874 da dukiyarsu a ciki.

Ga Musulmi kuma akwai shamaki na biyu, wato riba, wadda shari'a ta haramta. Shi ya sa a 1963 Ahmad al-Najjar, wanda ya nazarci asusun ajiya na Jamus, ya kafa irinsa a Mit Ghamr ta ƙasar Masar bisa ƙa'idar mudaraba, ana raba abin da jari ya haifar tsakanin banki da mai kuɗi, sai ga manoman da a da ba sa taka ƙofar banki suna kawo 'yan kuɗaɗensu.